Shekarun tsohon babur: lamba ko ƙafar gaba?

Habu, ka ce mai Triumph ɗin nan ya rantse na 1970 ne, kai kuma ka ga ƙafar gabansa, wato ƙarafan da ke riƙe da tayar gaba, irin ta 1971 ce, to wa za ka gaskata? Idonka ya gani daidai. Ƙarfe tsirara ba robar rufi, ƙasansa na alminiyam, wannan sai daga 1971 Triumph da BSA suka fara shi. Amma ka yi gaggawar yanke hukunci.

Ƙafar gaba ita ke fara shan kashi idan an yi karo, kuma kwance ta aikin yini ɗaya ne. Babur mai shekara hamsin da ɗoriya, Allah kaɗai ya san hannu nawa ya bi. Abin da take nuna maka zamani ne kawai. Idan ka ga mai sanduna da sifirin a tsakiya, irin ta BSA M20 na soja, ka san ƙirar kafin yaƙin duniya na biyu ce, ko ta lokacinsa, ko ta jim kaɗan bayansa. Mai shiga da fita da mai a ciki, a Ingila Matchless suka fito da ita a 1941, sauran suka biyo baya bayan yaƙi.

Yanzu ɗauko tsumma da kananzir. Kada ka kuskura ka sa garanda, na taɓa ganin yaron da ya cinye lamba biyu da ita. Goge wuyan firam ta hagu, sannan jikin inji ta hagu, ƙarƙashin silinda. Me ka gani? JD, sai lambobi. A Triumph dole na firam da na inji su zo ɗaya.

Daga ƙirar 1969 harafin farko wata ne, na biyu shekara. Harafin A Janairu, B Fabrairu, haka har E Mayu, sai su tsallake F: G Yuni, H Yuli, J Agusta. A shekara kuwa C 1969, D 1970, E 1971. Inda mutane ke faɗuwa shi ne a wancan lokacin shekarar masana'antarsu ta Meriden daga Agusta take farawa. Ke nan JD an haɗa shi a Agustan 1969, amma ƙirar 1970 ne. Mutumin bai yi ƙarya ba, ƙafar ce aka dasa masa daga baya.

Da DU ka gani a gaba, da na ce tsakanin 1963 da 1968. Kuma kada ka kai wannan ƙa'ida kan BSA na shekarun 1950, su tun daga masana'anta lambar inji daban, ta firam daban.

Abu ɗaya ya rage. Shafa yatsanka inda aka buga lambar injin. Ka ji ƙananan tambarin Triumph a ƙarƙashin lambobin? Sun sa su ne don maganin masu gogewa su sake bugawa. Idan wurin ya yi sumul kamar faranti, kira ni kafin ka ce wa mai shi komai.