Ina aka fara buɗe gidan mai a Kanada?

Ɗan'uwa, gidan man da kake nema don aikin makarantarka a birnin Vancouver yake. Kamfanin Imperial Oil ya buɗe shi a 1907, a mahaɗar titunan Cambie da Smithe. Ba famfo irin na yanzu ba ne fa: tankin ruwan zafi ne na kicin mai cin galan 13, aka saƙala masa tiyo. Maigadin dare na kamfanin, J.C. Rollston, shi ke zuba wa motoci.

Kula da lissafi: galan na Ingila ne, ba na Amurka ba, wato kusan lita 59 ke nan. Kada kuma ka rikita garin da Vancouver ta jihar Washington da ke Amurka. Hotunan asali kuwa, sai ka tuntuɓi ma'adanar tarihin birnin Vancouver na Kanada.