Amsa ga Mai Koyon Aiki: Yaushe Zan Hau Kujerar Labarai?

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa har yanzu ake tura ka neman rahoto a waje, alhali muryarka ta zauna, karatunka ba ya sarƙewa, kuma kana ganin lokaci ya yi da za a ba ka kujerar labaran dare. Na ji daɗi da ka yi tambayar a fili maimakon ka bar ta tana cin ka a zuci.

Abin da mai kallo yake gani rabin awa ne kacal, amma ranar mai gabatar da labarai tana farawa ne tun daga taron editoci, inda ake muhawara a kan labarin da zai zo farko da wanda za a ajiye. Daga nan sai ya zauna da rubutun yana karanta shi a bayyane, domin jimlar da ta yi kyau a takarda tana iya ƙarar wa mutum numfashi kafin ya kai ƙarshenta. Zai binciki yadda ake furta sunan kowane mutum da kowane gari, ya kira wakilin da ya aiko da rahoto idan wani adadi bai kwanta masa ba.

Idan jar fitilar kyamara ta kama, abubuwa uku ne suke tafiya a lokaci guda: rubutu yana gudana a gilashin da ke gaban kyamara, darakta yana magana a cikin na'urar da ke kunnenka, agogo kuma yana cin daƙiƙoƙin da aka ware wa kowane labari. Wata rana rubutun zai tsaya cak a tsakiyar jimla, shi ya sa kake ganin ina jera takarduna bisa lamba a kan tebur, ina juya kowace da yatsa ko da ban dube ta ba. Wata rana kuma darakta zai ce maka hoton bai iso ba, ka cike minti biyu. A cikin waɗannan mintuna biyu babu abin da zai cece ka sai sanin labarin, kuma wanda bai taɓa tsayawa a harabar kotu ko a wurin da ambaliya ta yi ɓarna ba, ba shi da abin faɗa idan rubutu ya ƙare.

Dubi Walter Cronkite na Amurka, wanda ya gabatar da labaran yamma na tashar talabijin ta CBS daga 1962 zuwa 1981. Kafin ya hau wannan kujera ya yi wa kamfanin dillancin labarai na United Press aiki a fagen Yaƙin Duniya na Biyu, ya ɗauko rahoton shari'ar Nuremberg da aka yi wa shugabannin Nazi na Jamus bayan yaƙin, ya kuma zauna a Mosko a matsayin wakili. A ranar 22 ga Nuwamba, 1963, da aka harbi Shugaba Kennedy a Dallas, rahotanni sun yi ta shigowa cewa ya rasu, amma Cronkite ya riƙa shaida wa masu kallo cewa ba a tabbatar ba tukuna. Sai da sanarwar ta iso hannunsa sannan ya faɗa, ya cire tabarau, ya ɗan yi shiru, ya ci gaba da aiki. Mutane suna tuna cire tabarau ɗin, ni kuwa abin da nake so ka riƙe shi ne jiran da ya yi.

Na koyi darajar wannan jira da tsada. A shekarata ta biyu a kan kujera, an miƙo mini takarda ana tsakiyar shiri, ɗauke da adadin waɗanda suka mutu a wani haɗarin mota, na karanta ba tare da na tambayi tushensa ba. Adadin ya ninka na gaskiya. Mun yi gyara washegari, amma iyalan da suka kwana suna kuka a kan 'yan uwan da suke raye ba su manta ba, ni ma ban manta ba. Magana zarar bunu ce, balle wadda ta shiga gidaje dubbai a lokaci ɗaya.

Akwai kuma jarrabawar suna, wadda ba a cika gaya wa matasa ba. Da zarar an san fuskarka, masu mulki za su neme ka da fara'a da kyauta, kai ma za ka fara jin cewa kai ne labarin. A 2015 tashar NBC ta Amurka ta dakatar da mai gabatar da labaranta na dare, Brian Williams, na wata shida, kuma bai koma kujerar labaran dare ba, saboda ya ƙara gishiri a labarin jirgi mai saukar ungulu da ya hau a Iraƙi a 2003. Ba murya ya rasa ba, yardar masu kallo ce ta zube. Ga kuma nauyin da iyali suke ɗauka, domin labaran dare ba su san ranar hutu ba, kuma sau da yawa za ka tarar da 'ya'yanka sun yi barci.

Saboda haka, ba ƙin ka ake yi ba. Ina so ka ƙara shekara guda a waje, ka ɗauko rahoton majalisa, da na kotu, da na zaɓe idan ya zo, kana rubuta kowanne da hannunka. Daga mako mai zuwa kuma zan roƙi edita ya ba ka taƙaitattun labaran safe na minti biyar, sau biyu a mako. Bayan kowanne za mu zauna mu kalli faifan tare, na farko da sauti, na biyu kuma a kashe sautin domin ka ga abin da idanunka da hannayenka suke yi. Ka zo da takardunka a jere bisa lamba.