Amsoshin likita ga masu shirin doguwar tafiyar keke a hamada

Saƙonni sun taru akan tafiyar keke ta kwana da kwanaki da wasu ke shirin yi ta cikin ƙananan garuruwan hamada dan tara kuɗin taimakon mabuƙata. Allah ya saka muku da alheri, ga abinda ya samu.

Tambaya: Likita ni bana yawan gumi, ruwa nawa zai isheni?

Ɗan'uwa kana gumi sosai, busasshiyar iskar hamada ce ke shanye shi kafin ka ankara, in kana so ka gane duba rigarka da yamma zakaga farin gishiri ya kwanta a gadon baya da hammata. Mai taka keke cikin zafi yana iya zubar da lita 1 zuwa 2 a awa guda. Ka riƙa kurɓa kaɗan kaɗan tun kafin ƙishi ya galabaitar da kai, amma dan Allah kar ka yini kana ɗura zallan ruwa ba gishiri, domin gishirin jini yana iya faɗuwa ya kawo ciwon kai da amai da ruɗewa har da jijjiga, mutane kuma su zaci ƙishi ne su ƙara ma ruwa. Ka tafi da ORS (garin haɗa ruwan gishiri da sukari), sacet ɗaya a ruwa lita 1, in ya ƙare sukari cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokalin shayi a lita 1 ɗin. Fitsari in yayi ja ja ko ya ragu to ruwan bai isa ba.

Tambaya: Maigidana zai je, hankalina bai kwanta da zafin ba.

'Yar'uwa kina da gaskiya, wannan ne ma yafi damuna. Jiki na buƙatar kwana 10 zuwa 14 na atisaye cikin zafi kafin ya saba, ya fara tun yanzu a hankali. Su fita da asuba su sauka a inuwa kafin rana ta take, kuma lallai mota ta riƙa binsu da ruwa da ƙanƙara saboda tsakanin gari da gari akwai nisa, ƙaramin gari kuma ba lallai a samu babban asibiti ba. Duk wanda ya fara sambatu ko tangaɗi akan keke a sauke shi nan take, a cire masa kaya a jiƙa shi sharkaf da ruwan sanyi ana fifita, zafin jiki in ya wuce digiri 40 yana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda. A fara sanyaya shi tukuna, a cigaba har cikin mota. Ki saka masa rigar sanyi ma, dare a hamada da sanyi.

Tambaya: Zan iya shan diclofenac kullum saboda ciwon gwiwa?

A'a. Shi da ibuprofen in suka haɗu da ƙarancin ruwa suna lahanta ƙoda. Paracetamol yafi, sannan ka sa a gyara ma tsawon sirdin, sau da yawa ciwon daga nan yake.

Tambaya: Shekarata 52, ina da ciwon suga ina allurar insulin, in haƙura?

Malam ba dole ka haƙura ba, amma sai likitanka ya duba ka ya daidaita ma adadin allurar domin doguwar tafiya na sauke suga, wani lokacin ma cikin dare bayan ka kwanta. Ka riƙa gwaji akai akai, alewa a aljihu, abokan tafiya su san halin da kake ciki. Insulin ɗin kuma a ajiye shi a kula (akwatin sanyi) cikin mota, kar ya zauna a zafin da ya wuce digiri 30, kar kuma ya manne da ƙanƙara ya daskare.