Tambaya da Amsa: Koyarwa a Sansanin Lissafi Lokacin Dogon Hutu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare, kuma ɗalibaina suna cin jarrabawar WAEC da NECO yadda ya kamata. Na ji ana ɗaukar malamai su koyar a sansanonin horar da yara masu hazaƙa a lokacin dogon hutu. Ta ina zan fara nema, kuma wane shiri ya kamata in yi? Daga wani malami a Kumo, Jihar Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara basira. Ƙofar farko da za ka ƙwanƙwasa ita ce Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda, a yankin Kwali na Abuja, domin ita ce ke shirya gasar Olamfiyad ta ƙasa, wato gasar lissafi ta ɗalibai masu hazaƙa, take kuma horar da ɗaliban da za su wakilci Najeriya a waje. Ka shiga Ƙungiyar Malaman Lissafi ta Najeriya, wato MAN, ka kuma riƙa leƙa sashen lissafi na Jami'ar Jihar Gombe ko na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi, saboda irin wannan labari yakan fara yawo ne a tsakanin malamai kafin ya fito fili. Duk wanda ya ce sai ka tura kuɗi kafin a ɗauke ka, ka yi hattara da shi, kuma ka nemi a fayyace maka batun alawus da masauki da abinci a rubuce.

Shirin ne ya fi damuna, domin ƙwarewa a jarrabawar kammala sakandare daban take da abin da sansani ke bukata. Gasar lissafi ta duniya, wadda aka fara a Romaniya a 1959, kwana biyu ake yinta, kowace rana tambayoyi uku kacal a cikin awa huɗu da rabi, kowace tambaya maki 7. Yaron da ake shiryawa domin irin wannan zama ba haddar ƙa'ida zai yi ba, hujja ake so ya kafa.

Ga misali. Ka rubuta wa yara 1 da 3 da 5 da 7, su tara su sami 16, wato 4 sau 4. Su ƙara 9 su sami 25. Nan take mai kaifin ƙwaƙwalwa zai gane tsarin, wato tara lambobin da ba sa rabuwa biyu a jere daga 1 kullum yana ba da wata lamba sau kanta, amma tambayar sansani ita ce: me ya sa dole hakan ya ci gaba har abada? Ka zube musu marafan kwalba a kan tebur, ka ja bakinka ka yi shiru, har sai wata yarinya ta lura cewa idan aka jera marafan a siffar murabba'i, duk sabuwar lamba layi ne mai lanƙwasa da ake kewaya murabba'in da shi ta gefe biyu. Wannan shirun shi ne mafi wuya ga malamin da ya saba da tseren kammala manhaja, kuma a ganina shi ne ma'aunin malamin sansani.

Saboda haka ka sauko da tsofaffin tambayoyin gasar daga intanet, ka fafata da su da kanka kafin ka duba amsa, musamman na lissafin siffofi da na nazarin lambobi. Sannan ka kafa ƙaramin kulob a makarantarku, ko da na ɗalibai goma ne, maza da mata, ka adana takardun aikinsu, domin su ne shaidar da za ka haɗa da takardar neman aikinka.