Fatawa: Zan iya sa wa matata maganin tazarar haihuwa a ɓoye?

Tambaya: Malam, adaidaita sahu nake ja, muna haya ciki da falo a Ɗorayi. 'Ya'yanmu shida, ga matata da kunika. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, da ƙyar nake haɗa balas, balle kuɗin haya. Na ce ta yi allurar tazarar haihuwa, ta ce malamarsu ta Islamiyya ta ce kisan 'ya'ya ne. Zan iya jefa mata ƙwaya a shayi ba ta sani ba?

Amsa: Allah Ya buɗa maka, ɗan'uwa. Shayin nan shi ya ɓata tambayar. Haihuwa haƙƙinku ne ku biyu. Imamu Malik ya ce ba a yi wa mace 'ya (wadda ba baiwa ba) azalu, wato zubar da maniyyi a waje yayin saduwa, sai da izininta, to ina ga ɗura mata magani a ɓoye? Bai halatta ba, ha'inci ne. Ka ma san ko tana da hawan jini, wanda wasu ƙwayoyin ke tsanantawa?

Tsayar da haihuwa ɗungurungum babu larura, wannan haramun ne.

Maganar malamar kuwa tana da asali. Ibn Hazm ya haramta azalu saboda hadisin sahabiya Judama da ya kira shi binne jariri da rai na ɓoye. Amma jumhur, wato mafi yawan malamai, ba su bi shi ba, iyakarsu karhanci, domin sahabi Jabir ya ce suna azalu Alƙur'ani yana sauka, ba a hana su ba. Ayar hana kashe 'ya'ya don tsoron talauci kan ɗan da ya samu take magana. Inda ciki bai shiga ba, wa aka kashe? Imamul Gazali ma bai haramta shi ga mai gudun kada yawan iyali ya tura shi neman haram ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta halatta tazara idan ma'aurata sun yi shawara sun yarda kuma babu cutarwa.

Ka gyara niyya, arziki na Allah ne. Ku je asibiti tare, ba kemis ɗin bakin layi ba. Kuma ka lallaɓa ka ji cikinta: sau da yawa ba fatawa ce ke hana mace ba, tsoro take ta tsaya kai kuma ka yo mata kishiya ta cika gida da magada. In haka ne, kwantar mata da hankali kafin ka sake tayar da zancen allura.

Wallahu a'alam.