Dalilin da ya sa ba ma kwana a ƙololuwar Dutsen Kamaru

Ɗana, na ji tambayarka. Ka ce baƙin da za ka raka makon gobe sun nace sai an kafa musu tanti a ƙololuwar dutsen, su kwana can, rana ta fito a kan idonsu, har sun yi alkawarin ƙarin kuɗi. Kai kuma kana cewa, "Maigida, tunda tanti muna da shi, su kuma sun yarda su biya, me zai hana?" To, ba za su kwana can ba. A bukka ta biyu, masaukin da ke kan hanyar hawa, za su kwana kamar kowa, a tashe su cikin dare su ƙarasa. Amma ba zan bar ka da "a'a" kawai ba, domin kai ne za ka tsaya gabansu, kuma baƙon da aljihunsa ke da nauyi ba ya karɓar "haka maigidana ya ce".

Fara da lissafin tsayi. Inda muke kama hanya a saman garin Buea wajen mita 1,000 ne daga gaɓar teku. Bukka ta ɗaya, wadda ke cikin kurmi, wajen mita 1,850 take, ta biyu wajen 2,850. Ƙololuwar kuwa, wadda ake kira Fako, ta haura mita 4,000, duk gaɓar yammacin Afirka babu dutsen da ya kamo ƙafarsa. Yawancin baƙinmu jiya-jiya suka sauka daga jirgi a Duwala, garin da ke bakin ruwa. Ka ga ko kwanan bukka ta biyu ma tsalle ne babba ga jikinsu, don likitocin hawan dutse suna cewa ciwon tsauni yakan fara kama mutane daga mita 2,500, kuma in an wuce 3,000 kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. A ƙololuwa, kowane numfashi da mutum ya ja yana samun wajen kashi 60 cikin 100 ne na iskar oksijin da zai samu a Limbe, garin da ke bakin teku. Da rana yana tafiya yana haki, jiki yana ramawa. Da ya yi barci numfashi sai ya lafa, jini ya ƙara rasa iska. Shi ya sa ba a tambayar inda ƙafar mutum ta taka, inda ya sa haƙarƙarinsa ake tambaya.

Za su kawo maka zancen 'yan tsere, ko yaushe sai an kawo. Tun 1973 ake tseren hawan dutsen nan, kamfanin Guinness ya fara ɗaukar nauyinsa, shi ya sa har yau ake kiran hanyar da sunansa. Gwanaye suna tashi daga filin wasa na Molyko da ke Buea su taɓa ƙololuwa su dawo cikin awa huɗu da wani abu, kuma Sarah Etonge, 'yar nan yankin, sau bakwai tana lashe na mata. Duk gaskiya ne. Sai ka tambayi baƙon: wa ya taɓa ganin ɗan tsere ya shimfiɗa tabarma a can? Ciwon tsauni yakan ɗauki awa shida zuwa sha biyu kafin ya bayyana, su kuwa kafin nan sun sauko har sun yi wanka.

Ga abin da za ka riƙa dubawa, kuma ka duba da idonka, kada ka dogara da bakin baƙo, don namiji a gaban abokansa ba ya cewa ya gaza. Ciwon kai, tashin zuciya, ƙin abinci, jiri: wannan matakin farko ne, mai shi ba ya ƙara taku ɗaya sama har sai ya warware. In ka ga mutum yana zaune yana haki, yana tari mai kumfa, leɓɓansa sun canza launi, ruwa ne ya fara taruwa a huhunsa. In yana tangaɗi, ko yana ba ka amsar da ba ta shafi tambayarka ba, ƙwaƙwalwa ce ta fara kumburi. Ja layi a ƙasa da sandarka ka ce ya bi, diddige na taɓa yatsa. In ya kasa, a sauka da shi a lokacin, ko ƙarfe nawa ne. Ba a jiran gari ya waye, ba a ba shi maganin ciwon kai a ce ya kwanta. Yanzu ka auna da kanka: saukar da ƙato mai kilo 90 daga bukka ta biyu cikin dare aiki ne ja, to ina ga daga ƙololuwa, a kan tsakuwa mai zamewa, da tocila a goshi?

Akwai tambaya ɗaya da nake so ta zama ta farko a bakinka, musamman ga baƙinmu na gida, 'yan Kamaru da 'yan Najeriya: shin akwai mai sikila? Mai ciwon amosanin jini ba ya hawa wannan dutsen da mu, magana ta ƙare. Wanda ke ɗauke da rabin ƙwayar ma, wanda bai taɓa kwanciya asibiti ba, ƙarancin iska na iya taɓa masa saifa. In irinsa ya ce yana jin sara a hagun cikinsa ƙarƙashin haƙarƙari, kada ka ce gajiya ce. Ka tambaya a keɓe, ba a gaban jama'a ba, don mutane da yawa suna jin nauyin faɗa.

Sai sanyi. Kowane mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da wajen digiri 6 da rabi. Da asuba a can sama ruwa na iya daskarewa, amma ni ba sanyin nake tsoro ba, iskar nake tsoro. Babu bishiya, babu ciyawar kirki, babu abin da zai kare ta, kuma ƙasar toka ce da tsakuwa, turken tanti ba ya kamawa sai ka danne shi da duwatsu. Baƙo ya taso daga kurmi rigarsa sharkaf da gumi, ya zauna, iska ta buge shi, cikin ɗan lokaci sai ka ga yana karkarwa. In karkarwar ta tsaya alhali bai ɗumama ba, yana ta jin barci, to abin ya yi nisa. Saboda haka da an isa masauki, kafin shayi, kafin hoto, kowa ya tuɓe jiƙaƙƙun kaya ya sa busassu, ya rufe kai da hular sanyi. Kuma ka tabbata akwai shimfiɗa tsakanin jakar kwanansa da ƙasa, don ƙasa ta fi iska zuƙe ɗumin mai barci.

A nan ne sababbin 'yan jagora suke kashe mutane da tausayi. Baƙo yana kukan sanyi, sai yaro ya shigar masa da kaskon gawayi ko risho cikin tanti ya ja zif. Hayaƙin gawayi mai kisa ba shi da wari, ba a ganinsa, kuma alamunsa na farko ciwon kai ne da jiri, irin na ciwon tsauni sak, don haka babu wanda zai yi zargi. Wuta a waje take zama. In kana so ka ɗumama mutum, zuba ruwan zafi a gora, naɗe ta da safa, ya rungume.

Ruwan ma sai ka yi masa lissafi kamar kuɗin cefane. Abin mamaki ne: Debundscha, a gindin dutsen nan ta wajen teku, tana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a duniya, wajen milimita 10,000 a shekara, amma a sama ƙishirwa ce, don dutsen aman wuta duk ƙofofi ne, ruwa yana zurarewa ƙasa. Da ka fita daga kurmi babu rafin da za ka dogara da shi sai ka zagaya Mann Spring, marmaron da aka sa wa sunan Gustav Mann, Bajamushen nan masanin tsirrai da ya hau dutsen tare da Richard Burton, matafiyi ɗan Ingila, wajen 1861. Lita ɗaya kilo ɗaya ce a kan ɗan dako. Kwana a ƙololuwa yana nufin ƙarin ruwan sha da na girki, a ɗauke shi ƙarin mita 1,200, kuma 'yan dakon da suka ɗauko shi su ma sai sun kwana can, galibi da bargo ɗaya. Ƙarin kuɗin da baƙon ya ce zai bayar, ka tambayi kanka ko ya isa ya sayi huhun waɗannan. Mu kanmu in ruwa ya yi ƙaranci taimama muke yi, duwatsu ba su ƙare ba. Alƙibla daga nan gabas ce maso arewa, ka gane ta tun da rana kafin hazo ya rufe.

Girki kuma kada ka ɗauko wake. A can sama ruwa yana tafasa tun wajen digiri 87, sai ka ƙone man rishonka wake yana nan da ƙarfinsa. Taliya, garin rogo da suga, dabino, gyaɗa, shayi mai zaƙi, su ne abincin dutse.

Kada kuma ka manta a kan me kake kwana. Dutsen nan da ransa. Ya yi aman wuta a 1909, har Jamusawa, masu mulkin ƙasar a lokacin, suka kwashe ofisoshinsu daga Buea suka koma Duwala. A 1922 narkakken dutse ya gangara har cikin teku. Ya sake a 1954, 1959 da 1982. A watan Maris na 1999 ya fara da girgizar ƙasa da ta tsattsaga gidaje a Buea, sannan wutar ta gangara ta datse titin Limbe zuwa Idenau a kusa da Bakingili, ta tsaya dab da teku, ga baƙin tulin nan har yau a gefen hanya. A 2000 ya ƙara. Ba kullum daga ƙololuwa yake ɓallewa ba, ta haƙarƙarinsa yake tsagewa, don haka in ka ji ƙasa ta motsa ƙarƙashinka, ba a taron shawara, a tattara a sauka.

Abin da ya fi shafar mai kafa tanti shi ne iskar da ke fitowa daga ƙasa. Mai neman mafaka daga iska zuciyarsa takan ja shi zuwa kwari ko cikin tsohon ramin aman wuta, don wurin a lafe yake. Nan ne ba a kwana. Gurɓatacciyar iskar dutse ta fi wadda muke shaƙa nauyi, a kwari take taruwa, kuma wanda ke kwance ta fara samu. Ka san labarin Tafkin Nyos, wanda ke kan layin duwatsun aman wuta ɗaya da namu: a daren 21 ga Agusta 1986 irin wannan iskar ta malalo cikin kwaruruka ta kashe mutum sama da 1,700 da dubban dabbobi, da yawa a kan shimfiɗarsu. In ka ji warin farar wuta, ko ka ga tururi yana fita daga tsaga, ko ka taɓa ƙasa ka ji ɗumi, matsa gaba. Nemi gangare mai sauƙi a bayan tudun dutse, inda iska ke wucewa ba ta tsayawa.

To yaya za ka ba su abin da suka zo nema? Fitowar rana suke so, kuma za su samu. A ci abinci da wuri a kwanta. Wajen ƙarfe ɗaya na dare a tashi, a sha shayi, a bar kaya masu nauyi, a kama hanya sannu a hankali, takun da mutum zai iya magana yana yinsa. Mafi rauni shi ne a bayanka kai tsaye, mataimakinka a can ƙarshe, kada kowa ya wuce ka. A huta a bukka ta uku, wajen mita 3,700, a nan za ka ƙara duba fuskoki. In gari ya yi garau, daga sama za su hango teku da dutsen tsibirin Bioko. In hazon hunturu ya yi kauri ba za su ga komai ba, kuma gara ka faɗa musu wannan tun a Buea. Minti ashirin ya isa a ƙololuwa. Ka yanke lokacin juyawa tun kafin a tashi, ka faɗe shi kowa ya ji, in ya cika a juya ko da ana hango ƙarshen hanya. In suna son kwana mai kyan gani, ka sauko da su ta ramukan 1999 su kwana Mann Spring, ga ruwa ga ciyawa, washegari a ɓullo ƙauyen Bokwango kusa da Buea. Wannan sai an ƙara kwana, a nan ƙarin kuɗin nasu zai yi amfani.

In ɗaya ya ce zai sa hannu a takarda cewa ya ɗauki alhakin kansa, ka ce masa takardar ba ta ɗaukar mutum a kafaɗa, 'yan dako ne za su ɗauka. In ya ce zai nemi wani jagoran, ka mayar masa da kafin alƙalaminsa da fara'a.

Sauran abu biyu. Tun 2009 dutsen gandun gwamnati ne, don haka ka karɓi takardar izini ka rubuta sunan kowa kafin a shiga, kuma duk leda da gwangwanin da ya hau sai ya sauko. Da rani ciyawar saman kurmi a bushe take ƙayau, guntun taba ɗaya ya isa, ka kashe wutar girki da ƙasa ka taɓa da hannu. Sannan dutsen na ƙabilar Bakweri ne tun kafin mu zo cin arziki garinsu. Suna da al'adunsu game da Efasa Moto, wanda suke cewa shi ne mai gadin dutsen. In 'yan dako suka tsaya yin nasu, mu ba ma shiga, amma ba ma dariya, kuma ba ma barin baƙo ya cusa musu kyamara. Kafin ku tashi ka auna kayan kowane ɗan dako da sikeli, ka duba takalmansu, wanda ba shi da rigar sanyi ka ba shi daga cikin na shago.