Ɗan Sanda Ya Gaji, Ina Zai Kai Kuɗinsa Ya Huta?

Makon nan wasiƙun 'yan sanda da matansu suka cika min akwati, kuma kusan duk a kan abu guda suke: tallan wuraren hutu da waraka da ke yawo a zaurukan WhatsApp na bariki. Bari mu fara da mai niyyar cin bashi.

Tambaya: Ni saje ne a rundunar kwantar da tarzoma. Wata takwas na yi a dajin Zamfara, na dawo ba na iya barci, ƙaramin abu sai in hau faɗa. An turo min tallan wani sansani na kwana bakwai na jami'an tsaro zalla, da ruƙiya da zikiri da ruwan addu'a, a kan naira dubu 180. Ina so in karɓi rance a kofaratif ɗinmu in biya. Me ka gani?

Amsa: Saje, barka da dawowa, Allah ya ƙara tsarewa. Gajiyarka ta gaskiya ce, ba raki ba ne. Amma rancen nan kada ka taɓa shi. Za ka yi kwana bakwai a can, ka dawo a yi watanni ana yankar albashinka, ga kuɗin makarantar yara, ga buhun shinkafa yadda ka san shi. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan, an sayar da kare an sayi biri.

Keɓewa don ibada ba baƙon abu ba ne a wurinmu, kuma ba a taɓa sayar da ita da rasit ba. I'itikafi na nan a goman ƙarshe na Ramadan, kuma a mazhabar Malikiyya ko a wani watan za ka iya yin na yini da kwana guda, matuƙar kana azumi, kana cikin masallaci. Abin da za ka kashe bai wuce kuɗin tabarma da gidan sauro da abincin da za a kawo maka daga gida ba. 'Yan ɗariƙa suna da halwa, ita ma shehi ko muƙaddami ne ke ba da izini, ya duba halin mutum kafin ya ce ya shiga. Ban taɓa jin shehin kirki ya buga takardar talla da lambar asusun banki a ƙasanta ba.

To daga ina dubu 180 ta fito? Abin da ke ƙona min rai ke nan. Wasu sun lura ɗan sanda ba ya son a ji ya je asibitin ƙwaƙwalwa, yana tsoron a ce ya taɓu a karɓe masa bindiga, sai suka mai da wannan tsoron hanyar cin abinci. Su kama hayar gida a bayan gari, su shimfiɗa katifu, su ɗauko mai karatu da lasifika. Idan ka shiga sai a fara lissafin da ba a rubuta a talla ba: zuma ta musamman, man habbatussauda na musamman, turaren korar aljanu, jarkar ruwan da aka tofa. Zumar nan sau da yawa sukari ne aka dafa, man kuma babu lambar hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta NAFDAC a jikinsa, ko akwai ta amma ta bogi ce. Rana ta shida sai a ce maka sammun da aka yi maka a wurin aiki mai ƙarfi ne, sai ka ƙara mako guda. Ka taɓa jin wanda suka ce masa lafiyarsa ƙalau, ya koma gida ya yi barci? Kowa da aljaninsa, domin kowane aljani da farashinsa.

Kai da ke cikin kaki bai kamata a ba ka labari ba. Abokan aikinka ne suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna a Satumbar 2019, suka fito da mutum sama da 300, wasu da mari a ƙafa, bayan 'yan makonni aka sake fasa wani a Daura. Masu gidajen nan su ma da sunan gyaran hali da addini suka karɓi kuɗin iyaye. Ban ce naka irin wancan ba ne, amma duk wurin da aka ce ka ajiye wayarka a ƙofa, ba a barin iyalinka su zo, ko aka ce ka daina shan maganin da likita ya rubuta maka don yana hana addu'a aiki, ka ɗauki takalminka ka fita. Mai hawan jini da ya bar maganinsa mako guda yana azumi a ɗaki mai zafi, shanyewar ɓarin jiki yake nema.

Abin da zan ce ka yi: ka nemi hutunka na shekara a rubuce, ka tafi garinku, ka kashe wayar aiki. Ka sami limamin masallacin bariki ku yi magana, shi ya san aikinku, kuma ba zai karɓi ko sisi ba. Sannan ka je asibitin 'yan sanda a auna jininka, ka faɗa wa likita maganar barcin nan ba ɓoye-ɓoye. Inshorar lafiyarku ta Police HMO don irin wannan ranar aka yi ta, ka fara cin moriyarta kafin ka kai wa wani ƙato kuɗi.

Tambaya: Mijina kofur ne. Tun da aka kashe abokinsa a gabansa yake firgita cikin dare yana ihu, ya daina wasa da yara, kullum sai ya sayo maganin barci a kemis. Ina da 'yan kunne na zinariya, in sayar in kai shi wurin masu ruƙiya? Ina jin kunyar matan bariki su sani.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri, ya jiƙan abokin nasa. Ki bar 'yan kunnenki a inda suke. Abin da kika bayyana likitoci sun san shi sarai, yana samun sojoji da 'yan sanda da duk wanda ya ga tashin hankali da idonsa, kuma ana samun sauƙi da magani da zaman tattaunawa da ƙwararru. Ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, a Kano ga na Dawanau ga sashen da ke asibitin koyarwa na Aminu Kano. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi a kiyaye sirrin mara lafiya.

Ruƙiya kuwa, ki yi masa da kanki. Fatiha da Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi kin haddace su tun kina Islamiyya, ki tofa masa lokacin kwanciya. Maganin barcin kemis shi ne ya fi ba ni tsoro, domin irin su baliyam jiki na sabawa da su, kuma dainawa farat ɗaya na da haɗari, sai likita ya rage masa a hankali. Abu guda kuma ba na son ki jinkirta: idan kin ji yana cewa ya gaji da duniya, ko gara ya bi abokinsa, ranar nan ki kira yayansa ko wani babba da yake jin nauyinsa, a tabbatar bindiga ba ta kwana a gida ba, a kai shi asibiti. Matan bariki su yi ta magana, na gobe za su samu su manta da naki.

Tambaya: Ni Kirista ne, sufeto a Kafanchan. Wani fasto na shirya azumin kwana uku ba ci ba sha a kan dutse, da kuɗin rajista. Ko in je masaukin Miango da iyalina?

Amsa: Yallaɓai, mutumin da ya gaji ba ya buƙatar kwana uku babu ruwa a kan dutse. Masaukin Miango da mishan ɗin SIM ta kafa kusa da Jos tsohon wuri ne sananne, an san masu shi, ga sanyin Filato. Ka kira ka ji farashi tukuna, ka binciki lafiyar hanya a makon da za ka tafi, wannan kai ka fi ni sani. Idan aljihu bai kai ba, faston cocin bariki na nan.

Tambaya: In sayar da filina in je Umra in huce?

Amsa: Umra ibada ce mai girma, amma ba hutu ba ce, tambayi ƙafafun waɗanda suka dawo. Filin nan shi za ka gina ranar da aka ce ka kwashe kayanka daga bariki, kuma ka ga yadda 'yan fanshonku ke fama. Ka yi adashi, ka je idan ya isa, ta hannun kamfanin da hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta ba lasisi.

Tambaya: A wani sansanin suna haɗawa da guru da layar da harsashi ba ya huda mai ita. Ta dubu 40 ko ta dubu 70, wace ce ta fi ƙarfi?

Amsa: Kurtu, har ka zauna ka rubuto min wannan? Ka ce wa mai sayarwar ya ɗaura ta dubu 70 ɗin ya bi ku sintiri hanyar Birnin Gwari dare ɗaya tak. Kai kuma ka sa sulken da aka ba ka, ka tura wa mahaifiyarka dubu 40 ɗin.